Motar Baturen Fata

A shekarun ƙarshe na mulkin Turawa akwai wani dillalin fatu a Wurno ana ce masa Mainasara. Dogo ne siriri, mai saurin dariya, kuma gadon sana'ar ya yi. Ranar kasuwar Goronyo yana Goronyo, ranar ta Rabah yana Rabah, yana ɗaga fatun jajayen awaki yana duba su a hasken rana. In ya tara sai ya kai wa wani Bature mai sito a bayan gari, kusa da gonakin albasa. Sunan Baturen Mista Alden, amma ba mai kiransa haka, Baturen Fata kawai ake cewa. Ba shi da mata, ba ya zuwa kulob ɗin Turawa a Sakkwato. Daga shi sai kukunsa Mode, wani dattijo mutumin Tursa.

Wata shekara uban Baturen ya mutu can ƙasarsu, ya bar masa dukiya mai yawa. Kowa ya ɗauka zai tattara ya koma gida, amma bai koma ba. Sai wata rana da hantsi ya aika a kira Mainasara. Mainasara ya same shi zaune a ƙasa bisa tabarma, ya jingina bayansa da bango, ya miƙe ƙafafu, ga awon tela a hannunsa.

"Auna ni," in ji Baturen. Hausarsa ta ji, sai dai a bushe take, ba gaisuwa. "Daga diddige zuwa ƙugu. Daga ƙugu zuwa tsakar kai. Sannan faɗin kafaɗa."

"Riga za a ɗunka, ranka shi daɗe?"

"Mota. Akwai wani tsoho a ƙasarmu mai ƙera motocin gudu da hannu, shi da mutanensa. Wannan samfurin guda bakwai zai yi, daga nan ya farfasa abin da aka fitar da siffarta, kada a ƙara yin irinta. Kuɗi kaɗai ba ya sayenta, sai tsohon ya yarda da kai. Kujerarta ba ta matsawa gaba ko baya. A jikin mai ita ake ƙera ta."

Mainasara ya durƙusa ya auna. Sau ɗaya ya taɓa yi wa mutum irin wannan awo, da karan dawa, ranar da ubansa ya rasu, aka kai wa masu haƙar kabari. Ya kawar da tunanin. Da ya gama, Baturen ya ce shi ma ya zauna, ya ja awon a jikinsa cikin wasa, ya duba, ya yi dariya.

"Ni da kai awonmu ɗaya."

Tsohon maƙerin ya yarda mai mota ya kawo fatar da za a lulluɓe kujeru da ita. Wannan aiki Mainasara aka ba. Ya yi rani guda yana yawo, har Boyekai ya je wurin makiyaya, yana neman fatar jar akuya wadda ƙaya ba ta taɓa karta ba, wuƙar mai fiɗa ba ta zame a kanta ba. Abin da ya zaɓa a ƙarshe bai kai fata goma ba. Aka aika, aka zauna jira. Damina ta zo ta wuce har sau biyu.

Jirgin ƙasa ya kawo ta Ƙaura Namoda cikin akwatin katako, daga can aka ɗoro ta bisa lori. Ranar da aka fasa akwatin rabin Wurno na tsaye. Motar ba ta kai ƙugun mutum tsawo ba. Dogon hanci gare ta, kusan rabin jikinta inji ne, kujeru biyu rak can baya, ba wurin kaya, ba rufi sai wani ƙyalle da ake ja. Koriya ce shar, irin koren ganyen albasa da aka yi wa ban ruwa. A ciki fatun Mainasara ne, an ɗinke su da ɗinki ƙanana har ido ba ya rabe su. Kusa da sitiyari an kafa wata ƴar tagulla da sunan Baturen da lambar motar, ta biyar cikin bakwai. Wata tsohuwa mai sayar da fura ta leƙa, ta ce mai shiga wannan ai kwanciya zai yi, ba zama ba, ta ɗauki ƙwaryarta ta wuce.

Motar ta zo da sharuɗɗanta. Ba a sake mata fenti. Ba a sayar da ita sai da izinin maƙerin. In mai ita ya mutu, gidan da aka ƙera ta za ta koma, su za su zaɓi wanda zai gaje ta. Kuma ko ba a hau ta ba, dole a riƙa tayar da injin kowace safiya har ya yi zafi, don kada ya daskare. Baturen ya ƙara nasa a kai. Ba a shiga da takalmi, ba a cin goro kusa da ita, ba a wanke ta da ruwan rijiya sai ruwan sama da aka tara a randa. Ya sa aka gina mata ɗaki na ƙasa mai soro, da ƙofar katako mai faɗi da tagogi biyu.

Hanyoyin ƙasar ba su karɓe ta ba. Tafiya kaɗan cikinta ya daki dutse. Saboda haka sai ya samo wani dogon faƙo bayan Lahodu, ya sa aka tsince duwatsunsa. Ranar Lahadi a ɗora ta bisa lori a kai ta can, ya yi ta gudu yana kai da komowa, a sake ɗoro ta a dawo.

Sau ɗaya ya ɗauki Mainasara. Ya sa shi ya cire takalmi da hula, ya wanke hannu, ya kurkure baki. Da motar ta zabura, bayansa ya manne da kujera, iska ta cika masa baki, itatuwan bagaruwa suka narke suka koma zane guda. Ya so ya yi salati, sai ya ji dariya yake yi. A ranar Baturen ya nuna masa yadda ake tayar da ita: a juya makulli, a ja wani ɗan ƙarfe, a danna maɓalli, a taɓa totur kaɗan.

Mainasara ya koma gida ya ba matarsa Azumi labari har tuwonsa ya huce. Ta saurara, ta ce, "Malam, abin da ka gudu haka, mi shika gudu ma?" Ya yi dariya.

Sannu a hankali Baturen ya sake hali. Da farko a buɗe yake barin ƙofar ɗakin in yana tayar da inji, mutane su taru suna kallo. Wata rana ya ga shatin hannu a jikin fentin. Ya hana kowa matsowa. Wata rana kaza ta shiga ta taga ta kwana bisa ƙyallen rufin. Ya sa aka liƙe tagogin da laka. Ya ce rana na cin launin, sai ya koma rufe ƙofa ya kunna fitila. Da ya ga haske na shigowa ta tsagar ƙofar, ya sa aka buga mata guntayen fata ta ko'ina, ya sa sakata ta ciki. Ya gargaɗi Mode kada ya kuskura ya buga masa ƙofa in yana ciki, ko gobara ake yi.

Ya daina zuwa Lahodu. Ya ce yashi na shiga injin. Fatu suka taru a sito ba wanda ya auna. In ya fito daga ɗakin yana dafe da kai, yana tangaɗi, ya yi amai bayan katanga, ya ce zazzaɓi ne. Mode ya ja Mainasara gefe wata safiya ya nuna masa abin da ya share daga ɗakin: jemagu uku da ƙadangare, duk matattu, ba rauni a jikinsu.

"Kullum sai na kwashe," in ji Mode. "Da bisa suka hwaɗowa. Ni dai ban ga abin da ka kashe su ba."

Cikin bazara abin ya faru. Baturen ya shiga da safe, injin ya tashi. Mode ya dafa shayi, shayin ya huce, ya sake dafawa. Injin bai tsaya ba. Rana ta take tsaka yana ta gurnani a hankali, sannan ya yi tari ya mutu don kansa. Mode ya jira, ƙofa ba ta buɗe ba. Ya ruga gidan Mainasara. Su biyu suka sa gatari suka tsage sakatar.

Baturen na zaune a kujerarsa, hannuwansa bisa cinya, kansa ya ɗan karkata. Fuskarsa ta yi jawur, ta yi kyau, kamar ya fi kowace rana lafiya. Sai da Mainasara ya taɓa wuyansa ya gane.

Di'o, Baturen mulki, ya zo daga Sakkwato washegari. Zafi ya yi yawa, ba a jira likita ba, aka rufe gawar. Di'o ya ce zuciya ce, irin ta Turawan da suka daɗe a ƙasar zafi. Ya ce ya buga wa maƙeran waya, za su aiko mutum, amma zai ɗauki watanni. Ya miƙa wa Mainasara makullin.

"An ce kai ka iya tayar da ita. Ka riƙa yi kowace safiya kafin su zo. Kada ka fita da ita."

Mode ya ɗaure kayansa a ranar. "Ni kam Tursa za ni," ya ce. "Mainasara, ka maida makullin ga. Ɗakin ga ba shi son mai rai."

Kwanakin farko Mainasara ya kiyaye. Yana wangale ƙofa, ya tsaya daga wajen motar, ya miƙa hannu ya tayar da ita, in ta yi zafi ya kashe. Amma mutane suka dawo kallo, kuma kallon ya sake salo. A kasuwar Rabah ya ji wani mahauci na cewa ga magajin Bature nan. A Goronyo wani ya tambaye shi, yana murmushi, wane malami ya yi masa aikin da mota ta dawo hannunsa. Abin ya ƙona masa rai. Ya kira kafinta ya gyara sakatar. Washegari ya shiga ya ja ƙofa, don dai ya huta da idanu.

A cikin duhun, da fitila ɗaya, motar ta fi kyau. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya cire takalmansa ya shiga gefen mai tuƙi. Kujerar ta karɓe shi ta ko'ina. Ƙafarsa ta sauka daidai bisa totur, kafaɗunsa suka shige gurbinsu, hannuwansa suka sami sitiyari ba sai ya miƙa ba. Ya shafa fatar. Ya gane ta, ta wata akuya ce daga Boyekai. Ya danna maɓalli, injin ya tashi, ya ji rawar a ƙashin bayansa. Ya rufe ido, faƙon Lahodu ya shimfiɗu a gabansa.

Daga ranar zamansa a ciki ya riƙa tsawo. Yana dawowa gida da ciwon kai mai sara, ya kwanta da rana tsaka. Ya sayi fatu masu huji a Goronyo bai lura ba, shi da ake kira ya raba gardama a kan fata. Wata rana ya tsaya a tsakar gida da buta a hannu, ya tambayi Azumi ko ya yi sallar azahar.

"Malam," in ji ta, "tuhwahinka warin motag ga suka yi. Hayaƙi na kaka shaƙa cikin ɗaki ruhe."

"Ba ta hayaƙi. Wagga ba lori ta ba. Ki tsaya bayanta ba ki ganin komi."

"To mi ka cin ka? Dubi idanunka. Haka Mode yac ce Baturen ya hwara."

"Bature zucciya tak kashe shi. Di'o ya hwaɗi."

"Di'o na cikin ɗakin?"

Ya tashi ya bar mata wurin. Ta aika aka kira baffansa Malam Siddiƙu, wanda shi ya karantar da shi yana yaro. Malam ya zo ya zauna a zaure, ya yi masa nasiha, ya ce abin da ba naka ba kada ka bari ya zauna maka a zuciya, ya mayar da makullin ga hukuma. Mainasara ya sunkuyar da kai ya ce to, Baffa, masu ita sun kusa zuwa. Da Malam ya fita, Mainasara ya wuce wurin wani maƙerin farfaru, ya sa aka yanka masa ƴar tagulla, aka rubuta Mainasara da ajami. Ya ɗaure ta da zaren fata a kan ta Baturen.

Bayan damina Di'o ya aiko ɗan doka da saƙo cewa mutumin maƙeran ya sauka Ikko, yana hanya. Mainasara bai ci abinci ba ranar. Washegari ya yi wanka, ya sa farar riga, ya ɗauki garwar fetur cike ya fita.

Gidansu a gefen gari yake, in iska ta juyo ana jin gurnanin injin daga tsakar gida. Azumi ta saba yana tsayawa kafin ta gama surfe. Ranar ta gama surfe, ta wanke, ta shanya, yana nan. Ta ɗora tukunya. Yana nan. Ta tsaya da muciya a hannu tana saurare, sautin bai hau ba, bai sauka ba.

Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa fita da rana ba. Ta ja mayafi, ta ɗauki taɓarya, ta fita ba takalmi. Ta bi ta cikin gonakin albasa tana ƙwala wa masu ban ruwa kira.

"Ku taho! Don Allah ku taho! Malam na ciki!"

Mutum huɗu suka biyo ta da fartanyu. A bakin ɗakin suka ja suka tsaya, suna duban juna, ba wanda ke son ya fara taɓa ƙofar. Azumi ta buga ta kira, ba amsa. Ta ɗaga taɓarya ta maka wa katakon. A bugu na uku mazan suka ji kunya suka sa hannu. Sakatar ta karye.

Iska mai ɗumi ta fito ta doke su, ba hayaƙi, sai wari kaɗan. Fitilar na ci ƙasa-ƙasa. Mainasara na zaune, hannu ɗaya a sitiyari, bakinsa a buɗe, fuskarsa ta yi wani irin sheƙi. Azumi ta kama shi ta hammata ta ja, kujerar ta riƙe shi, gwiwoyinsa suka maƙale ƙarƙashin sitiyari. Kanta ya fara juyawa. Sai da biyu daga cikin manoman suka kama aka zare shi ta sama, aka shimfiɗa shi a inuwar katanga, aka yi ta yi masa fifita da zuba ruwa. Yana numfashi, da ƙyar. Ba wanda ya san yadda ake kashe injin, ba kuma wanda ya yarda ya koma ciki. Suka bar ta tana gurnani ita kaɗai, ƙofa a wangale, har la'asar.

Aka kai shi asibitin Sakkwato a bayan lorin albasa. Likita ya yi wa Malam Siddiƙu bayani, Malam ya maimaita wa Azumi: numfashin inji guba ne ko ba a gan shi ba, in ɗaki a rufe yake yana shiga jini ya sa mutum barci. Likitan ya ce da ya ga gawar Baturen da ya gane tun a lokacin. Ya ce Mainasara zai tashi, amma kada su sa rai zai dawo yadda yake.

Yana asibiti mutumin maƙeran ya iso Wurno. Wani ɗan gajeren Bature ne mai farin safar hannu. Bai nemi a nuna masa kabarin Alden ba, da aka ba shi labarin Mainasara ya gyaɗa kai kawai. Ya zagaya motar yana shafa jikinta da yatsa, ya durƙusa ya leƙa cikinta. Da ya ga tagullar ajami sai fuskarsa ta ɓaci, ya yanke zaren ya jefar da ita ƙasa, ya goge wurin da ƙyalle. Ya gaya wa tafinta cewa an riga an zaɓi wanda zai karɓe ta, mutumin ya daɗe yana jira. Aka mayar da ita cikin akwati, aka buga ƙusoshi, lori ya nufi Ƙaura da ita.

Mainasara ya dawo gida da ƙafarsa. Yana gane mutane, yana cin abinci, yana salla in an tsaya kusa da shi ana tuna masa. Amma in aka miƙa masa fata sai ya yi ta juya ta, ya mayar. Dariyar nan tasa ta tafi. Azumi ta koma yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da shi ta riƙe gidan, Malam Siddiƙu na taimakawa da hatsi.

Abin da ya fi damunta shi ne safiya. Da ta juya baya sai ya fice. Ranar farko an neme shi har bakin gulbi, aka same shi a ɗakin motar, ya ja karyayyar ƙofar ya rufe, yana zaune a ƙasa a tsakiyar ɗakin, ya miƙe ƙafafu. Ta sa aka cire ƙofar aka faskara. Ya koma. Ta roƙi Malam ya sa aka fasa soron, damina ta zo ta narkar da bangon har ya koma tudu. Bai fasa zuwa ba. Ya rayu shekaru da dama a haka, har Turawa suka tafi, har aka yi wa wurin shinge aka shuka albasa, mai gonar ya bar masa ɗan fili saboda tausayi.

Kowace safiya Azumi ke zuwa ta taho da shi, kullen ya daɗe da ƙarewa. Ta tsaya a kansa ta ce, "Malam, tashi mu tahi gida, kunu ya huce."

Ya ɗaga mata hannu a hankali, kansa a karkace kamar mai sauraren wani abu a ƙarƙashin ƙasa.

"Dakata kaɗan," ya ce. "Ba ta yi zahi ba tukuna."